Daga Sakkwato zuwa Duwatsun Jos: Yadda Ake Shirya Tafiyar Koyon Sauka da Igiya

Sauka da igiya daga kan dutse ba ta da wuyar da ake zato. Mutum zai ɗaura ɗamara a ƙugunsa, ya zura igiya cikin ɗan ƙarfen da ke yi mata birki, ya juya wa rami baya, ya taka jikin dutsen yana sakin igiyar kaɗan-kaɗan har ya kai ƙasa. Yawancin ɗalibai sukan kama wannan a yinin farko. Abin da ke cin lokaci, wanda kuma dominsa ake biyan kuɗin kwas, shi ne duk abin da ke zuwa kafin ƙafa ta bar bakin dutse: inda aka ɗaure igiyar, irin ƙullin da aka yi, yadda aka zura ta a ƙarfe, da halin da kayan suka shiga a cikin mota kafin a iso. A nan ake samun mafi yawan haɗurra. Wannan jagora shiri ce ga wanda zai je wurin malami, ba madadin malamin ba ce.

Me ya sa sai an yi tafiya

Tuddan da ke kewayen Sakkwato ba na wannan aiki ba ne. Ƙasar yankin farar ƙasa ce irin wadda ake haƙa a Kalambaina domin siminti, da yumɓu, da dutsen yashi, sai marmara a saman tudu. Marmara tana da taurin gani, amma tana ɓarewa gunduwa-gunduwa in an ɗora mata nauyi, gefenta kuma yana cin igiya. Dutsen da ake so shi ne dunƙulallen dutse mai tauri irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini, kuma ba a fara ganinsa sosai sai an nausa gabas cikin Zamfara. Dutsen Kwatarkwashi da ake hangowa bayan an wuce Gusau irinsa ne, sai dai ba wurin da ɗan koyo zai tsaya ya ɗaura igiya ba ne, balle da halin tsaron yankin.

Shi ya sa Jos ta fi dacewa. A gabas da garin akwai duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800, kuma a can Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci ta gwamnatin tarayya take da makarantarta ta dutse. Ita ce cibiyar da aka fi sani da Man O' War, wadda ta samo asali a 1951. A tuntuɓe su tun kafin a tashi, a ji ko suna karɓar ƙaramin rukuni a lokacin da ake so, da kwana nawa, da abin da za su bayar na kaya.

Lokaci da hanya

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi. Dutse a bushe yake, babu tsawa, rana kuma da sauƙi. Sai dai sanyin Jos ba na Sakkwato ba ne: garin yana kan tudu mai kimanin mita 1,200, a Disamba da Janairu dare yakan kusanci digiri 10, don haka a ɗauki rigar sanyi da bargo. A damina dutse yana santsi, igiya tana shan ruwa, kuma saman dutse shi ne wuri mafi muni in hadari ya taso. A guji haɗa kwas da azumi.

Hanyar mota ita ce Sakkwato, Talata Mafara, Gusau, Tsafe, Funtuwa, Zariya, kusan kilomita 400. Daga Zariya a bi ta Pambeguwa da Saminaka zuwa Jos, wani abu sama da kilomita 200. Kada a haɗa su a yini ɗaya. A tashi bayan gari ya waye, a kwana a Zariya, a ƙarasa washegari, a kuma bar yini guda na hutu kafin a fara darasi, domin direban da ya kwana biyu a kan sitiyari bai kamata a rataye shi a igiya da safe ba. Kafin a tashi a je tasha a tambayi direbobin da ke bin hanyar a makon yadda take, a bi maganarsu, kada a yi dare ko da da awa ɗaya. In sun ce hanya ba ta da kyau, a ɗage tafiyar ko a bi jirgi zuwa Abuja, daga nan a ɗauki mota ta Keffi da Akwanga. A ajiye lambar gaggawa 112 da ta hukumar kiyaye haɗurra 122 a waya.

Mutum huɗu zuwa shida sun isa rukuni. Fiye da haka, rabin yini zai tafi a jiran layi.

Yadda ake gane malamin kirki

Ko a ina za a yi kwas ɗin, akwai tambaya ɗaya da ke raba gwani da mai ƙarfin hali: da igiya nawa ɗan koyo zai sauka? Amsar ita ce biyu. Ɗaya wadda yake sauka a kanta, ɗaya kuma ta tsaro wadda malami ke riƙe da ita daga sama a kan birkinsa, ta yadda ko ɗalibi ya saki hannuwansa duka ba zai faɗi ba. Malami mai shiri yakan ɗaure igiyar saukar da ƙullin da za a iya kwancewa tana ɗauke da nauyi, domin in riga ko gashi ya maƙale a birki ya sassauta ta, ya sauke ɗalibin da ta tsaro. Wanda ya ce igiya ɗaya ta isa tunda tana da ƙarfi, a yi masa godiya a nemi wani.

A kuma nemi ganin kayan da ido, a tambayi shekarar da aka saye su, a ga akwatin agajin gaggawa, a ji asibitin da za a nufa da motar da za ta kai. Kwas mai ma'ana yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku: na farko a ƙasa da kan gangare, na biyu a dutse mai mita 8 zuwa 15, na uku turke, wato abin da ake ɗaure igiya a jikinsa a sama, da hanyoyin kuɓuta. Wanda zai kai ka bakin mita 30 a awar farko wasa yake sayarwa, ba darasi ba.

Kayan aiki

Igiyar sauka tana da sassa biyu: zaruruwan ciki masu ɗaukar mafi yawan nauyi, da saƙaƙƙiyar riga da ke kare su. Wadda ake so ita ce maras miƙewa sosai, mai kaurin milimita 10 zuwa 11, mai lambar ingancin Turai EN 1891 nau'in A, wadda aka gwada ba ta tsinkewa ƙasa da kilonitan 22. Kilonitan ɗaya, wanda ake rubutawa kN a jikin kaya, ya yi daidai da nauyin kilo 100 da ɗan ɗoriya. Akwai igiyar hawa mai lambar EN 892 wadda ke miƙewa domin ta shanye faɗuwa. Ana iya sauka da ita, amma tana lilo da mutum sama da ƙasa, wannan kuma yana goga ta a bakin dutse. Shuɗiyar igiyar leda ta kasuwa da ake ɗaure kaya a mota, da ta rama, da ta kaba, babu wadda ke shiga wannan magana. Ta leda tana narkewa da ɗan zafin gogayya, rana kuma tana cinye ta ba tare da ta nuna ba.

Ɗamara mai lambar EN 12277 ake nema, mai bel na ƙugu da zobba biyu na cinya, da wani kakkauran zobe a gaba wanda ke ɗaukar nauyin mutum. Ƙananan kunnuwan da ke gefe na rataye kaya ne, ba sa ɗaukar mutum. Bel ɗin ya zauna sama da ƙashin ƙugu, a matse shi har tafin hannu ya shiga amma dunƙulen hannu ya kasa fitowa. Mai babban tumbi da yaro ƙarami suna buƙatar ɗamarar ƙirji a kai, domin ba su da ƙugun da zai tare bel in sun kife.

Hular kwano ta hawan dutse tana da lambar EN 12492. Ta babur tana da nauyi kuma tana toshe kunne, ta magina kuma galibi ba ta da maɗaurin haɓa mai riƙo.

Karabina ita ce ƙugiyar ƙarfe mai ƙofa. Kowane mutum ya samu aƙalla uku masu kulle. A jikinta akwai lambobi uku: ƙarfinta a tsaye, wanda ba ya kasa kilonitan 20, ƙarfinta a gicciye, kimanin 7, da ƙarfinta in ƙofa a buɗe take, shi ma 6 zuwa 7. Ma'ana karabinar da ta juya gicciye ko ƙofarta ta buɗe ta rasa kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinta. Waɗanda ake sayarwa domin rataye makulli ko gorar ruwa, ko da sun yi kama, ba su da waɗannan lambobi.

Birki iri biyu ne aka fi gani. Mai siffar lamba 8 yana da sauƙin zurawa kuma yana jure zafi, amma yana murɗe igiya. Mai ramuka biyu, irin ATC na kamfanin Black Diamond ko Reverso na Petzl, ba ya murɗewa kuma ya fi riƙo. Sai ɗinkakken maɗauri na santimita 60 da na 120 mai lambar EN 566, da siririyar igiya mai kaurin milimita 6, tsawon mita ɗaya da rabi, domin ƙullin damƙa da za a bayyana a gaba.

Safar hannu ta fata da rigar da ake sa wa igiya a bakin dutse, waɗannan dukawan Sakkwato za su ɗinka su da kyau, kuma fatarsu ta fi yawancin na kanti. Iyakarsu ke nan. Duk abin da zai ɗauki nauyin mutum ba a kai shi wurin baduku ko tela ko maƙeri, ko gyara ne.

Kayan a cikin mota

Igiya tana iya mutuwa a but ba tare da kowa ya sani ba. Ruwan batir yana cinye zaren nailan, kuma sau da yawa ba ya barin tabon da ido zai kama; ko tururinsa yana ɓarna. Motar da aka taɓa ɗaukar batir ko wayar tayar da batir a bayanta, kada a shimfiɗa igiya a kan dardumarta. A sa igiya da ɗamara da maɗaurai a jaka mai rufi, jakar a cikin robar da ke da murfi, nesa da jarkar fetur, man birki da bilic. Kada a ɗaure su a saman mota rana tana dukansu, kada kuma a bar su a rufaffiyar mota yini guda. Igiyar da aka ja mota da ita sau ɗaya ta gama aikin ɗaukar mutum. Masu ƙera waɗannan kaya galibi suna sa wa na zare iyakar shekara 10 ko ba a taɓa amfani da su ba, don haka na gwanjo da ba a san tarihinsu ba ba abin saye ba ne.

Ƙullin da za a iya tun daga gida

Wanda ya iso kwas hannunsa ya saba da ƙulli huɗu ya ci ribar yini guda. A sayi igiya mita uku a riƙa yi da yamma har a iya ido a rufe.

Ƙullin takwas shi ne na ɗaure igiya a turke ko a ɗamara. Layukansa su kwanta gefe da gefe ba tare da hawa juna ba, a bar wutsiya aƙalla santimita 15. Ƙullin tsayawa, wanda ake naɗe bakin igiya sau biyu ko uku a zura a ja, shi ake yi a ƙarshen kowace igiya domin kada ta zare ta cikin birki. Ƙullin masunta mai ninki biyu shi ke mayar da siririyar igiya zobe. Na huɗu shi ne ƙullin damƙa, wanda ake jingina wa Karl Prusik, mahayin dutse ɗan Ostiriya da ya fito da shi a 1931: ana naɗa siririyar igiya a jikin babbar, tana zamewa in an tura ta da hannu, tana damƙewa in nauyi ya hau ta. Nau'in da aka fi amfani da shi wajen sauka shi ne a naɗa sau uku ko huɗu a maƙala bakunan biyu a karabina ɗaya. Sabuwar igiya ko siririya tana son ƙarin naɗi, kuma ba a sanin ya isa sai an gwada shi da nauyi.

Kowane ƙulli yana rage ƙarfin igiya, kimanin kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari gwargwadon irinsa. An riga an yi lissafin wannan a ƙarfin kayan. Abin tsoro shi ne ƙullin da aka fara aka bari ba a gama ba saboda wani ya yi magana. Ba a yi wa mai ƙulli hira.

Turke

Turke shi ne abin da aka ɗaure igiya a jikinsa a sama, kuma ba a yarda da guda ɗaya sai in babbar bishiya ce mai rai, kaurinta ya kai santimita 30 zuwa sama, saiwarta a cikin ƙasa mai zurfi ba a ɗan tsagin dutse ba. A ɗaure ta daga gindi. Dutsen da za a zagaya da maɗauri ya zama wanda ya fi ƙarfin mutane da yawa, a zaune daram, ba a kan gangare ko tsakuwa ba, kuma siffarsa ba za ta bar maɗauri ya sulɓe ta sama ba. In an tarar da ƙusoshin da wasu suka kafa, a duba tsatsa, a girgiza, a ƙwanƙwasa dutsen da ke kewaye. In ya yi amon rami, a bar shi. Tsohon maɗaurin da aka tarar a wurin, wanda rana ta kodar da launinsa, a yanke shi a sa sabo.

In turke biyu ne, a haɗa su a wuri ɗaya ta yadda kowanne zai ɗauki rabonsa, kuma in ɗaya ya saki ɗayan ba zai sha fizga ba. Kusurwar da ke tsakanin hannuwan biyu tana da muhimmanci fiye da yadda ido ke gani. A digiri 60 kowane turke yana ɗaukar kashi 58 cikin ɗari na nauyin. A digiri 90 kashi 71. A digiri 120 kowanne yana ɗaukar nauyin gaba ɗaya, daga nan kuma abin hawa yake yi. A tsaya ƙasa da 90, in ya buɗe da yawa a ƙara tsawon maɗauri.

Igiya ba ta gudana a kan maɗauri kai-tsaye. Zare a kan zare yana narkewa cikin daƙiƙu, musamman farin maɗaurin Dyneema da ke narkewa a kusan digiri 145. Dole a sa ƙarfe a tsakani. Inda igiya ta taɓa bakin dutse a sa mata riga, ko tsohuwar darduma, ko tiyon ruwa da aka tsaga, a ɗaure shi kada ya zame. Mota ba turken ɗan koyo ba ce.

Saukar kanta

Tun daga nesa da baki, mita biyu ko uku, a maƙala kai a turke da maɗauri. Ba a leƙa rami a sake.

A yi ƙullin tsayawa a bakin igiya, duka bakunan in an ninka ta, a yi kira da ƙarfi "Igiya!" sannan a jefa. A tabbatar da ido, ko da bakin wanda ke ƙasa, cewa ta taɓa ƙasa. Igiyar mita 60 in an ninka ta ba ta kai mita 30 cikakku ba, domin turke da ƙulli sun ci wani abu, kuma tsakiyarta ce za ta zauna a turke.

A ɗaura maɗaurin santimita 60 a ɗamara, a maƙala birki a ƙarshensa ko a ƙullin da aka yi a tsakiyarsa, ta yadda birkin zai tsaya daidai ƙirji. A fara naɗa ƙullin damƙa a igiya ƙasa da inda birki zai zauna, a maƙala shi a zoben gaba na ɗamara. Amfanin fara shi: yana riƙe nauyin igiyar da ke lilo, sai a samu sassauci wajen zura birki. Sannan a zura igiya a birki, in biyu ce duka biyun su shiga karabina, a murɗa kulle. Ƙullin damƙa kada ya iya kaiwa ga birki ko an ja shi iyakar tsawonsa. In ya taɓa birki ba zai damƙe ba.

Yanzu dubawa, da baki da hannu, daga turke zuwa ƙasa, kullum a jeri ɗaya: turke, igiya a kan rigarta, birki, kullen karabina, ƙullin damƙa, bakilan ɗamara, maɗaurin hula, ƙullin ƙarshen igiya. Abokin tafiya ya sake dubawa, ko da ƙane ne yake duba yayansa. Kunya ba ta da wuri a nan, kuma malami nagari da kansa yake cewa ɗalibi ya duba shi.

Sai gwaji, wanda shi ne matakin da bai kamata a taɓa tsallakewa ba. Maɗaurin da ke haɗe da turke yana nan a maƙale, a matso da birki sama, a zauna a ɗamara har duk nauyi ya koma kan igiya, maɗaurin turke ya yi sako-sako. In an yi kuskuren zurawa, nan zai bayyana, kuma maɗaurin zai tare. Sai an ga birki ya riƙe, ƙullin damƙa ya kama, sannan a cire maɗaurin. A kira: "Malam, zan sauka." A jira amsa: "Sauka, ina riƙe da kai." In akwai wasu rukunoni a dutsen, kowane kira ya fara da sunan wanda ake nufi.

Bakin dutse shi ne wuri mafi wuya. Ƙafafu a buɗe faɗin kafaɗa ko fiye, tafin ƙafa gaba ɗaya a kan dutse, gwiwa a ɗan lanƙwashe. A bar ƙafafun a baki, a saki igiya a hankali, ƙugu ya yi ƙasa da baya kamar mai jan guga cike daga rijiya, har ƙafafu su kusan miƙewa daidai da ƙugu. Sannan a fara takawa. Tsoro yana sa mutum ya miƙe tsaye ya rungumi igiya, nan take ƙafa ta zame, gwiwa da fuska su sha dutse. Hannun birki yana ƙasa, kusa da cinya, ba ya sakin igiya ko me ya faru. Ɗayan hannun yana tura ƙullin damƙa ƙasa da yatsu biyu, ba ya damƙe shi. Ƙananan taku, gudu ɗaya, ana waiwayen inda za a sa ƙafa. Tsalle-tsallen da ake gani a bidiyo yana fizgar turke, yana kuma goga igiya a baki.

A sani cewa riƙon birki yana canzawa. A sama nauyin igiyar da ke ƙasa yana ƙara masa riƙo har sai an ɗaga ta ana turawa. Kusa da ƙasa nauyin ya ƙare, sai gudu ya ƙaru daidai lokacin da hannu ya gaji. Wanda ke ƙasa yana iya taimakawa: ya riƙe bakin igiya sako-sako, a gefe ba ƙarƙashin mai sauka ba, hula a kansa, idonsa a sama. In ya ga gudu ya ƙwace, ya ja igiyar ƙasa da ƙarfi, birki zai kama.

Da an taka ƙasa a durƙusa kaɗan a samu sassauci, a cire birki nan da nan domin yakan yi zafin da zai ƙona yatsa ya kuma ƙone rigar igiya, a matsa gefe, a kira: "Na sauka, na cire."

Abin da ke ɓaci da dalilinsa

Birki yana haɗiye duk abin da ya kusance shi: gemu mai tsawo, bakin hijabi, igiyar hula, carbi ko laya a wuya, hannun riga mai faɗi. Kaftani da babbar riga su zauna a masauki. A sa wando mai kauri da riga mai dogon hannu a cusa ta ciki. Mata su sa wando mai faɗi da doguwar riga zuwa gwiwa wadda ɗamara za ta hau kanta, da ƙaramin hijabi da ake cusa bakinsa cikin wuyan riga, hular kwano a sama. A cire zobe. Takalmi kambas mai tafin roba, ba silifa ba. In abu ya maƙale, a tsaya, a bar ƙullin damƙa ya kama, a naɗa igiyar ƙasa sau uku a cinya, a kira malami. Kada a fito da wuƙa. Igiyar da ke ɗauke da nauyi tana yankewa da taɓawa ɗaya.

Mai siffar 8 yana da nasa: in ya gogi bakin dutse igiya tana iya hawowa ta shaƙe shi ya ƙi motsi, kuma yana iya karkacewa ya danne ƙofar karabina har ya karya ta. A dube shi duk lokacin da nauyi zai hau.

Wanda ya suma yana rataye a ɗamara yana cikin haɗari ko bai ji rauni ba, domin jini yana taruwa a ƙafafu. A sauke shi cikin mintuna, ba a jiran mota. Wanda ya maƙale yana farke ya riƙa motsa ƙafafu yana taka dutse.

Dutsen da ya ɓallo, ko ƙarami ne, a yi ihu "Dutse!", na ƙasa su manne da bango kada su ɗaga kai. Kudan zuma suna gida a tsagin duwatsu kuma suna afkawa da yawa. A tsaya minti biyar a kalli fuskar dutsen kafin a ɗaura komai, a tambayi mutanen wurin, a bar turare a gida. Kada a cusa hannu a ramin da ba a gani, saboda kunama da kububuwa. A nemi izinin mai unguwa kafin a hau kowane dutse, wasu duwatsun suna da alfarma wurin masu su.

Ɗan Sakkwato yakan raina ranar Jos, amma iskar hunturu tana busar da jiki ba a ji ba. A tanadi lita 4 na ruwa ga kowane mutum a yini. In wani ya fara ciwon kai ko jiri, a sauke shi inuwa, a dama cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ya sha, ranar kuma ya gama.

Janye igiya da adana ta

In igiyar ninki ce za a janye daga ƙasa, a fara kwance ƙullin ƙarshe. Wanda ya manta, ƙullin zai hau ya maƙale a turke. A warware murɗi, a ja a hankali ba fizga, a yi kira kafin ta faɗo. In ta maƙale, ba a hawa igiyar domin a kwance ta. A zagaya ta hanyar ƙafa.

Kowace yamma a bi igiya ta cikin yatsu daga baki zuwa baki, ana lanƙwasa ta. Wurin da ya yi laushi, ko ya kumbura, ko ya ƙone ya yi sheƙi, ko farin zaren ciki ya leƙo, a yanke daga nan. Ƙurar hunturu tana shiga saƙa tana cin zare da ƙarfen birki, don haka bayan an dawo a wanke ta a baho da ruwa mai sanyi ba tare da omo ko bilic ba, a shanya a inuwa har ta bushe sarai, a ajiye a ɗaki mai iska nesa da batirin sola da janareta. Ƙarfen da igiya ta ci har ramin ya kai milimita ɗaya, ko gefensa ya yi kaifi, a fitar da shi daga kaya. A rubuta ranar saye da ranakun aiki a ɗan littafi a bar shi cikin jakar igiyar.